Kwamfutar Jirgi da Igiyar Baba

Asabar: daga Germantown

Ƙarfe shida saura minti goma, muna idar da sallar asuba, muka kulle gida muka fito mu uku: ni, da maigidana Abban Amira, da mahaifina. Ita Amira mun bar ta wajen maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Jos. Baba kuwa tun ƙarfe huɗu ya gama shiri, yana zaune a falo da hularsa da carbinsa, ya ƙi ko shan shayi don kada ya ɓata mana lokaci.

Baba mutumin Yawuri ne, ya fi shekara arba'in yana fiton mutane da kaya a kogin Kwara. Aikin yanar ido ya kawo shi Amurka. Wata uku ke nan yana gidanmu, daga ɗaki sai asibiti, kuma ranar Talata zai koma. Idon ya warke, amma mutumin ya yi sanyi. Ana cikin haka babban wana, Yaya Sani, ya kira ni ya ce, "Ke yake jin maganarki. Kafin ya dawo ki sa ya yarda a sayar da kwalekwalen nan, ya tsufa da shiga ruwa." Na ce to. Dabarar da na ƙulla ita ce in kai Baba teku, ya gani da sabon idonsa cewa yanzu na'ura ce ke jan jirgi, ya haƙura da kansa ba tare da na buɗe baki ba.

Jirgin da za mu shiga namu ne, ko in ce rabinsa. Abban Amira da wani Bature abokin aikinsa suka haɗa suka sayi wani tsohon jirgi mai tafiya da iska, tsawonsa ƙafa ashirin da bakwai, ya girme ni. Shekara guda Abban Amira yana koyon tuƙi a kansa, kuma duk Hausawan yankin nan babu wanda muka gaya wa. Kun san halinmu. Ka ce ka sayi jirgi, kafin labari ya isa Kano ya zama jirgin sama.

Muka hau babbar hanya ta 270 muka yi kudu, muka kewaye Washington ta zoben hanyar da ta zagaye ta, sannan muka miƙa gabas. Mun tsaya sau ɗaya muka sha mai, galan kusan dala huɗu. Baba na gaba yana ta leƙe. Can ya ce, "Injiniya, mun fi mil talatin, ban ga shinge ko ɗaya ba. Su 'yan sandan nan me suke ci?" Abban Amira ya ce, "Albashi, Baba." Baba ya jinjina kai ya ce lallai ƙasar nan da abin mamaki.

Ni kuwa ina baya rungume da sabuwar kwamfutar hannu cikin rigarta ta roba, sai ji da kai nake yi. Bari in koma baya kaɗan in faɗi yadda aka yi na saye ta.

Shagon Gaithersburg, mako guda kafin tafiya

Tsohuwar na'urar jirgin, wadda ke nuna hanya da zurfin ruwa, ta mutu. Sabuwa tsada gare ta. A shekarun nan kwamfutar hannu ta shigo yayi, sai Abban Amira ya ce mu sayi guda, a saka mata taswirar ruwa, in an dawo gida kuma ta yi aikin gida. Zaɓin ya faɗo kaina, tunda ni ce ke aiki a Sterling, a wani ƙaton gini da babu kowa a cikinsa sai kwamfutoci da sanyi.

Na yi mako biyu ina bincike. Wacce ake iya gani a cikin rana? Wacce batirinta ke wuni? Wacce za ta ɗauki taswira gaba ɗaya a cikinta ba sai da intanet ba? Wacce ke da rigar da ruwa ba ya shiga? Na ƙara da nawa: ta buɗe wa Baba Alƙur'ani da manyan baƙaƙe, Amira ta yi wasanta, ni ma in riƙa duba girki. Na shiga shagon da takardata a hannu, sai na ji an ce, "A'a, Maman Amira, yau ke ce a wurinmu?"

Malam Isuhu ne, ɗan Maraɗi, dattijon kirki da ke aiki a sashen kwamfuta. Mutumin arziki ne, amma duk abin da ya shiga kunnensa ran Litinin, ran Juma'a yana bakin masallaci. Muka gaisa, ya tambayi idon Baba, na nuna masa wadda nake so.

Ya ce, "To bon, a ina za a riƙa aiki da ita? Gida ko waje?"

Na naɗe takardata na tura jaka. Na ce, "Gida ne kawai, Malam. Karatun Baba da wasan Amira."

"To kada ki ɓata kuɗinki. Ga mai shan layi, ga marar layi, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai layin ta fi da dala ɗari da talatin. Tunda akwai rezo a gida, wato intanet, ɗauki wannan. Sai dai fa in akwai wata tafiya da..."

Na tari numfashinsa na ce babu wata tafiya. Na biya, na fito ina yabon kaina: na rufa wa jirgi asiri, na kuma samu rangwame. A gida na saka taswira, sai ga shuɗin ɗigo zaune daram a kan gininmu. Na gwada a ofis, nan ma ya nuna. Me ya rage?

Deale

Ƙarfe bakwai da minti goma muka isa Deale, wani ƙaramin gari a bakin tekun Chesapeake, mil sittin da 'yan kai daga gida. Baba na sauka daga mota ya tsaya ya shaƙi iska, ya ce, "Wannan ruwa da gishiri." Bai jira kowa ba ya bi gadar katako, ya duƙa yana duban turakun da aka kafa a ruwa.

Ya kira ni ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ga shaidar ruwa can sama, ɗanya shakaf, ga ruwa nan ƙasa. Yaushe ya janye?" Na ce tun asuba, kuma da rana zai dawo, kullum sau biyu. Ya ce, "Mu namu sau ɗaya yake yi a shekara, shi ma sai an yi addu'a. Wa ke kiransa?" Abban Amira ya ce wata ne ke jansa. Baba ya ɗaga kai ya nemi watan bai gani ba, ya ce, "Allah mai iko."

Daga nan tambaya ta ɓalle. Me ya sa jirgi mai doguwar sanda haka ba ya kifewa? Aka ce akwai wani ƙaton ƙarfe a ƙarƙashinsa da ya nutse ƙafa huɗu da rabi. Ya ce, "To wannan ba ya kwana a Kwara da rani." Ƙyallen da ke kama iska kuwa tun daga ranar ya raɗa masa suna zani. Da ƙyar muka sa shi ya ɗaura rigar ruwa a kan babbar riga.

Na kunna kwamfuta na nuna masa. "Baba, ka ga ɗigon nan? Mu ne. Duk inda muka yi zai bi mu, ya gaya mana inda tudu yake da inda rami yake." Ya kawo fuska kusa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe dai an gama da irinmu." Abin da na so ya faɗa ke nan, amma da ya faɗa sai na ji babu daɗi.

Tsallaka teku

Takwas da kwata muka kwance igiya. Muka fita da inji ta wata siririyar hanya, muka yi kudu don kewaye wani dogon tudun yashi da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa a bakin garin, sannan aka ɗaga zani aka kashe inji. Sai shiru, ban da ruwa da ke lasar gefen jirgi.

Na duba kwamfuta. Ɗigo yana nan a matsayar jirage, inda muka baro shi. Na kashe na kunna. Na ɗaga ta sama, na girgiza ta. Ɗigon ko gezau. Abban Amira ya ce, "Yaya dai?" Na ce, "Saiti ne, yanzu zan gyara." Ya ce ba komai, gari garau yake, ga kamfas, ga alamomin ruwa masu lamba, ya sha bin hanyar. Baba ya leƙo ya ce, "Uwata, abokin naki bai biyo mu ba?" Na ce yana tafe.

Mil goma sha uku ne zuwa tsibirin Tilghman. Muka ci dambun nama da burodi. Wani jibgegen jirgin kaya ya wuce can nesa, igiyar ruwansa ta zo ta jijjiga mu, Baba ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun zuwansa. Ya tambayi yadda ake tafiya iska tana busowa ta gaba, aka nuna masa yadda ake yankar ta a karkace, dama da hagu. Da Abban Amira ya ga haka sai ya miƙa masa sitiyari.

Minti ashirin yana tuƙi lafiya lau. Sai ya hangi wani gungume a ruwa, ya juya jirgi da sauri yadda ya saba juya kwalekwale. Iska ta koma bayan zani, sandar da ke riƙe da gindinsa ta wulwulo ta ɗauke masa hula ta jefa a teku. Saura ƙiris ta sami kansa. Baba ya saki sitiyari ya koma gefe ya zauna, kansa ba hula. Ya ce, "Karɓi abinka, Injiniya. Wannan ba ruwana ba ne." 

Tilghman

Ɗaya saura ashirin muka ɗaure jirgi. Muka kama ɗaki biyu a wani ƙaramin masauki na wata tsohuwa da mijinta, kowanne dala ɗari da goma. Mijin tsohon mai kamun ƙaguwa ne, hannunsa duk tabo. Da la'asar aka shimfiɗa takarda a tebur, aka juye mana ƙaguwa dozin guda jawur da yaji, aka ba kowa 'yar gudumar katako. Baba ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya tono abin da ke ciki, ya ce, "Aikin ya fi ladan yawa." Amma ya ci huɗu.

Shi da tsohon suka kama hira ina yi musu tafinta: irin tarko, irin abin da ake sa wa a ciki, zurfin da ƙaguwa ke so. Tsohon ya ɗauko wata tsohuwar hular hana-salla ya ɗora wa Baba a kai. Ana cikin haka na kunna kwamfuta, ta kama wayfai na masaukin, sai ga ɗigo tsulum a kan tsibiri. Na yi murna na nuna wa tsohon. Ya juya ta, ya duba gefenta, ya ce, "Ina wurin sa layi?" Na ce babu. Ya ce, "To wannan ta falo ce. A irin wannan, mai layin ce kaɗai aka saka wa abin da ke magana da tauraron ɗan'adam, ko ba ki sa layin ba. Taki wayfai na maƙwabta take tambaya inda take. A teku kuwa babu maƙwabta."

 Ni da ake kira a ofis in kwamfuta ta rikice! Abin da Malam Isuhu ya fara faɗa ke nan na katse shi. Na ja Abban Amira gefe na gaya masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, daga baya ya daina, don rediyo ta ce gobe da yamma akwai ruwa. Muka yanke shawarar fita da wuri. Wayarsa tana mota a Deale, don da gangan yake barin ta saboda ofis, amma ga tawa, ko taswirar mota ce ai za ta nuna mana kusa-kusa.

Lahadi: komowa

Bakwai da rabi muka tashi. Baba ya zauna a gefe da hular tsohon, hannu a cinya. Ruwan da aka ce sai yamma, sha ɗaya saura ashirin ya iso, saura mana kamar mil uku. Ba iska mai ƙarfi, amma ruwa ne mai kauri, gaɓar teku ta ɓace, alamomi suka ɓace. Aka sauke zani aka tada inji. Na fito da wayata, ruwa ya shige ta ta ɗauke, don rigar roba ɗaya na saya, tana jikin kwamfuta.

Muna tafe a hankali da kamfas, sai muka ji gum daga ƙasa. Jirgi ya tsaya, ya ɗan karkata. Tudun yashin nan ne. Abban Amira ya sa inji baya, da ƙyar muka zame. Ya tsaya yana share fuska, ya ce bai san ko muna arewacin tudun ko kudancinsa ba. Na ji tsoro ƙwarai, ba don kaina ba, don ni na ɗauko tsoho daga ɗaki na kawo shi nan.

Baba ya matso ya ce, "Uwata, miƙo abin nan. Waɗannan ƙananan lambobi da ke warwatse cikin shuɗi, na mene ne?"

"Zurfi ne, Baba. Ƙafa nawa ne a kowane wuri."

"Wani ne ya bi ya auna duka?"

"E, Baba."

"Allah ya yi masa albarka. To ai ta san ƙasan ruwa, inda muke ne kawai ba ta sani ba. Injiniya, ba ni igiya da wani ƙarfe mai nauyi."

Aka ba shi babbar sifana. Ya ɗaure ta a bakin igiya, ya ware hannuwansa yana auna gaba-gaba, yana ƙulla kowacce. Abban Amira ya ce gaba ɗaya ta Baba ta kusa ƙafa shida. Baba ya dafa ya tafi goshin jirgi, ya tokare ƙafarsa, ya jefa.

"Gaba ɗaya da rabi. Yashi ne. Ja baya."

Muka ja. Ya sake jefawa. "Biyu. Biyu da rabi, laka." Ni kuma ina bin lambobi da yatsa. Taswira ta nuna gefen tudun ya miƙe daga arewa zuwa kudu, kuma ƙafa goma sha biyu na bin gefensa kamar kalmasa a bakin zani. Na ce in muka riƙe gaba biyu muna yin kudu, dole mu kai ƙarshensa. Haka muka yi. In Baba ya ce ɗaya da rabi, Abban Amira ya karkata hagu. In ya ce uku, ya dawo dama. Can Baba ya nuna 'yan robobin tarkon ƙaguwa da ke iyo a jere, ya ce, "Abokina na jiya ya ce a gefen tudu suke kafawa. Bi su, masunci ba ya yi wa tarkonsa ƙarya."

Minti arba'in muna haka. Riga ta manne masa a jiki, muryarsa kuwa ta koma irin wadda na sani ina yarinya, wadda ake ji daga tsallaken kogi. Sai ga wata alama ta ɓullo daga cikin ruwan sama, da lambarta ɓaro-ɓaro. Na nemo lambar a taswira na ɗora yatsa. Na ce, "Ga mu nan." Ɗaya da minti biyar muka ɗaure a Deale.

Hanyar gida

A mota, bayan mun sake kaya mun yi azahar, Baba ya ce in gaya masa yadda aka yi na sayo wadda ba ta gani. Na faɗa masa, har da Malam Isuhu. Ya ce, "Kin je wurin mai magani kin ɓoye ciwo. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi." 

Mun kusa hawa 270 ya sake magana, bai waiwayo ba. "Na san saƙon da Sani ya ba ki." Na sha jinin jikina. Ya ce, "Ba ƙarya ya yi ba, ƙarfi ya tafi, jiya kin ga abin da ya sami hulata. Amma in tambaye ki. Cikin abin nan akwai irin wannan zane na Kwara, daga Yawuri zuwa ƙasa?"

Na ce ban taɓa gani ba.

"To yana nan," ya taɓa goshinsa. "Kowane dutse, kowane rami, na rani da na damina. Babu wanda ya rubuta. In aka sayar da kwalekwalen, a cikin me zan zauna in nuna wa masu tasowa?"

Hawaye ya zo mini, na juya ina kallon taga. Biyar saura kwata muka iso Germantown. Amira ta rugo ta tambayi kakanta inda ya samo hular 'yan ƙwallo.

Washegari da safe na kira Yaya Sani na ce a samo wanda zai riƙa yi wa Baba tuƙi, amma kwalekwale ba na sayarwa ba ne, kuma kada a ƙara aiko ni. Da rana na koma shago na gaya wa Malam Isuhu gaskiya. Ya ce, "Jirgi? Haba Maman Amira, da kin faɗa ai da minti ɗaya ya ishe mu." Ya ba ni mai layi, ya tambayi ranar da za a ɗauke shi a jirgin shi ma. Ran Juma'a mutum bakwai suka yi wa Abban Amira murna a masallaci, kuma babu abin da ya same mu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya fitar da mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa tsofaffin Tilghman, da maƙwabciyata da ta riƙe mini Amira, da Malam Isuhu wanda ya yi tambayar da ta dace aka ba shi amsar banza. Ta falon, Baba ya tafi da ita Yawuri yana karatu da manyan baƙaƙe. Sabuwar tana aiki lafiya, ɗigonta na bin mu duk inda muka yi. Igiyar Baba kuwa tana rataye kusa da sitiyari da ƙulle-ƙullenta, kuma har yau Abban Amira bai kwance sifanarsa ba.